Sunayen da Suka Fi Masu Su Tsawon Rai: Gundumar Los Angeles

Wanda ya buɗe taswirar gundumar Los Angeles, a kudancin jihar Kalifoniya ta Amurka, ya ɗora yatsa a bakin tekun Fasifik yana bi daga yamma zuwa kudu maso gabas, zai karanta waɗannan sunaye bi da bi: Malibu, Topanga, Santa Monica, El Segundo, San Pedro, Long Beach. Tsawon gaɓar wajen kilomita 110 ne, amma yatsan ya ratsa harsuna huɗu. Malibu daga harshen Chumash ya fito, Topanga daga Tongva, masu "Santa" da "San" da "El" Sifaniyanci ne, saura kuwa Ingilishi. Biyu na farko babu sauran wanda ya sha su a nono. Ga ɗalibin kimiyyar harshe wannan taswira matani ce, kuma ba a fahimtar ta sai an san ƙasar da aka rubuta ta a kai, da yadda ruwa da iko suka raba ta.

Sai an fara bambanta birnin da gundumar, domin suna ɗaya suke amsawa. Abin da Amurkawa ke kira kawunti yanki ne na mulki da ke ƙarƙashin jiha, kusan matsayin gunduma a Nijar, sai dai girman wannan ya fita daban. Ƙidayar 2020 ta samu mutum 10,014,009 a cikinta, wato ta fi kowace gunduma a Amurka jama'a, ta kuma fi akasarin jihohin ƙasar ɗaya bayan ɗaya. Faɗinta bai kai kashi ɗaya cikin uku na jihar Maradi ba, amma mutanenta sun haura kashi ɗaya cikin uku na al'ummar Nijar baki ɗaya. Birnin Los Angeles kansa, mai mutum kusan miliyan 3.9, ɗaya ne kawai daga cikin birane 88 da ke cikin gundumar, kowanne da majalisarsa da magajin garinsa.

Tsaunukan San Gabriel ne suka raba gundumar gida biyu. Ƙololuwarsu ta haura mita 3,000, kuma dusar ƙanƙara na rufe ta da sanyi. A arewa da su akwai kwarin Antelope, gefen hamadar Mojave, inda garuruwan Lancaster da Palmdale suke. A kudu kuma akwai kwarin San Fernando da na San Gabriel da babban filin da ke gangarawa zuwa teku, inda mafi yawan jama'a suka cunkushe. Tsibirai biyu, Santa Catalina da San Clemente, su ma na gundumar ne. Ƙasar ba ta zaune lafiya: girgizar 1933 ta rusa makarantu a Long Beach, ta 1994 ta karya gadoji a Northridge. Da kaka da sanyi wata busasshiyar iska da ake kira Santa Ana na gangarowa daga hamada, kamar iskar hunturu amma da zafi da ƙarfi, ita ce ta hura gobarar da ta cinye dubban gidaje a Pacific Palisades da Altadena a Janairun 2025. Abin da zai fi ba mutumin Sahel mamaki shi ne ruwan sama. Abin da ke sauka a tsakiyar birnin a shekara bai cika kaiwa milimita 400 ba, ƙasa da na Yamai, kuma da sanyi yake zuwa, rani ya bushe ƙurmus. Mutum miliyan goma ke nan zaune a kan ƙasar da damunarta ta fi kusa da ta Damagaram.

Kafin Turawa su zo, Tongva ne ke da filin da kwarurukan kudu da tsibiran, Chumash na yamma wajen Malibu, Tataviam kuma a arewa maso yamma. Harshen Tongva ɗan gidan Uto-Aztek ne, wato dangi ne na nesa ga Nahuatl, harshen Aztek na Meziko, wanda kalmarsa tomatl ta bi ta bakin Sifaniyawa da sauran Turawa har ta iso kasuwar Maradi a matsayin tumatir. Abin da ya fi fitowa fili daga Tongva a taswirar yau ɗafa-ƙeya ne guda ɗaya, -nga, mai nuna wuri. Yana nan a Topanga da Tujunga da Cahuenga, da Puvunga a Long Beach, da Yaanga, ƙauyen da ke kusa da inda tsakiyar birnin take yanzu. Miliyoyin masu mota na karanta wannan ƙwayar ma'ana kowace safiya a allunan hanya ba tare da sun san cewa ƙwayar ma'ana ce ba.

Limaman Katolika na Sifaniya ne suka fara rubuta waɗannan sunaye, da ƙa'idojin rubutun harshensu. Harafin j na Tujunga yana tsaye ne a madadin sautin h, "hue" na Cahuenga kuma "we" ake nufi. Mai karatu a Nijar ya san irin wannan ciwo, tun da Faransawa suka mayar da Tawa Tahoua, Madawa Madaoua, Dogon Dutsi kuma Dogondoutchi. Amma akwai bambanci babba. Mutumin Tawa yana nan da ransa, kullum yana gyara kuskuren allo da bakinsa a tasha da kasuwa, kuma duk yaron da ya ji Gidan Rumji ko Birnin Konni ya ji gida, ya ji birni. A Topanga ba wanda zai gyara. Sunan ya zama sauti tsura, kuma sautin da ba shi da mai shi kowa na iya ƙaga masa asali. Garin Azusa misali ne: daga Asuksanga sunan ya fito, ɗafa-ƙeyar ta gutsure a hanya, sai daga baya masu tallar garin suka yaɗa cewa ai taƙaitawa ce ta jimlar Ingilishi mai nufin akwai komai daga A zuwa Z a cikin USA. Har yau ana samun masu gaskata haka.

Baturen farko da ya ga gaɓar shi ne Juan Rodríguez Cabrillo a 1542, kuma ya kira wani lungu nata Mashigin Hayaƙi, saboda hayaƙin wutar mazauna wurin da ya gani kwance bai tashi ba. Tsaunuka ne ke tare iska, shi ya sa hayaƙin motoci ya addabi birnin ƙarni huɗu bayan haka. Sunan ya ɓace, hayaƙin ya zauna. Zama na sosai bai fara ba sai 1771, da aka kafa gidan mishan na San Gabriel, sannan na San Fernando a 1797. Hausawa na cewa baƙo raɓa ne. Wannan baƙon bai bushe da hantsi ba. An tattara mutanen ƙauyuka cikin gidajen mishan, aka sa su noma da kiwo da gini, cututtukan da jikinsu bai sani ba suka yi musu kisan ƙare dangi. Har sunansu aka sauya: waɗanda ke ƙarƙashin San Gabriel suka zama Gabrieleño, na San Fernando suka zama Fernandeño, wato aka raɗa wa al'umma sunan gidan da aka tsare ta. A 1785 wata mata mai suna Toypurina tana cikin waɗanda suka shirya kai wa San Gabriel hari. Asirin ya tonu, aka kama ta, aka kai ta wani gidan mishan can arewa.

Garin Los Angeles kuwa ranar 4 ga Satumba 1781 aka kafa shi, bisa umarnin gwamna Felipe de Neve, a gefen kogin da yanzu ke ɗauke da sunansa. Mutum 44 ne suka kafa shi, iyalai 11 daga Sonora da Sinaloa na Meziko, rabinsu yara. Finafinan da ake yi a wannan gari ba su cika nuna cewa fiye da rabin waɗannan mutane suna da jinin Afirka ba, sauran kuma akasari ƴan asalin ƙasar Meziko ne ko ruwa biyu. Pío Pico, gwamnan ƙarshe na Kalifoniya a ƙarƙashin Meziko, wanda garin Pico Rivera da babban titin Pico ke ɗauke da sunansa, shi ma yana da kakanni baƙar fata. Sunan garin na addini ne: Garin Sarauniyar Mala'iku, ana nufin Maryama mahaifiyar Annabi Isa, alaihis salam. Amfanin yau da kullum ya yar da sarauniyar, ya bar mala'ikun, daga baya ma ya rage su zuwa haruffa biyu, L da A.

Sunayen Sifaniyanci na wancan zamani iri biyu ne. Akwai na waliyyai da mala'iku: San Gabriel shi ne Jibrilu, Santa Monica kuwa mahaifiyar Augustine ce, ƴar garin Tagaste, inda Souk Ahras take a Aljeriya ta yau. Akwai kuma na siffanta wuri, irin na makiyaya: La Puente gada, El Monte kurmin bakin ruwa, La Brea kwalta, saboda kwaltar da ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa a wurin. Masu Ingilishi da ba su ji ma'anar ba sai suka ƙara kalmarsu ta kwalta a gaba, suna ya zama kwalta sau biyu, kamar yadda mai cewa hamadar Tenere ke cewa hamada sau biyu ba tare da ya lura ba. Bayan Meziko ta samu ƴancin kai a 1821 an raba filayen mishan ga manyan iyalai, ƙasar ta zama ta shanu, ana kai fatu da kitse San Pedro ana sayar wa jiragen Boston. Akasarin Tongva ba su samu komai a rabon ba.

A Janairun 1847 dakarun Kalifoniya suka miƙa wuya ga sojan Amurka, kuma wurin da aka sa hannu sunansa Cahuenga: masu Sifaniyanci na miƙa ƙasa ga masu Ingilishi a filin da ke amsa sunan Tongva. Yarjejeniyar Guadalupe Hidalgo ta 1848 ta tabbatar da cinikin, aka kafa gundumar a Fabrairun 1850, lokacin da mutanen garin duka 1,610 ne. Jirgin ƙasa ya iso a 1876, wani layin ya biyo a 1885, sai gonakin lemo, sai man fetur daga 1892, sai finafinai. Jama'a suka yi ta kwarara daga gabas da tsakiyar Amurka har kudancin gundumar ya ɓalle a 1889 ya zama gundumar Orange.

A nan ne raɗa suna ya zama sana'ar dillalan filaye, kuma a nan ne mai nazarin sunayen wurare ya kamata ya yi hattara. Pomona sunan gunkiyar ƴaƴan itace ce ta Rumawa. Venice an haƙa mata magudanan ruwa a 1905 don ta yi kama da ta Italiya. Tarzana daga Tarzan ne, domin marubucin labarin, Edgar Rice Burroughs, ya sayi gona a wurin. Alhambra daga wani littafin Washington Irving aka ɗauko shi, asalinsa kuwa Larabci ne, alhamra'u, wato ja, sunan fadar Garnaɗa ta Andalus. Yau da yawa daga cikin allunan shagunan manyan titunan garin da rubutun Sin suke. El Segundo Sifaniyanci ne tsantsa, ma'anarsa na biyu, amma ba Basifaniye ne ya raɗa shi ba: kamfanin Standard Oil ne ya gina matatarsa ta biyu a Kalifoniya a wurin a 1911. Harshen da suna ya fito daga cikinsa daban, bakin da ya raɗa shi daban. Wanda ya ƙirga sunayen Sifaniyanci a taswira ya ce ga iyakar inda Sifaniyawa suka zauna ya yi kuskure, domin da yawansu ado ne da masu Ingilishi suka yafa wa haja bayan sun karɓe ƙasar. Mafi ɗaci shi ne Pasadena. Baƙin da suka zo daga Indiana sun so suna na ƴan asalin ƙasa, sai suka aika aka samo musu kalma daga harshen Ojibwe na yankin manyan tafkuna, dubban kilomita daga nan, alhali jikokin Tongva na aikin ƙodago a gonakin da ke kewaye da su.

Dalilin da ya sa birane suka kai 88 maimakon ɗaya kuwa, ruwa ne da haraji. Kogin Los Angeles ƙarami ne, ya kusan ƙafewa da rani, ya yi ambaliya da sanyi, har bayan ambaliyar 1938 aka shafe cikinsa da siminti. Ba zai iya shayar da babban birni ba. Sai injiniya William Mulholland ya jawo ruwa daga kwarin Owens, tafiyar kilomita 375, wadda ta fi nisan Maradi zuwa Damagaram ƙwarai, ruwan ya iso a Nuwamban 1913. Tafkin Owens ya ƙafe cikin shekaru kaɗan, manoman can suka yi ta fasa bututun da nakiya, a banza. Ruwan ya zama sandar sarauta: duk garin da ke so sai ya narke cikin birnin. Hollywood ta shiga tun 1910 saboda ƙishirwa, kwarin San Fernando ya bi a 1915, Venice da Watts suka bi daga baya. Waɗanda ke da rijiyoyinsu ko kuɗinsu suka ƙi, shi ya sa ƙaramin garin San Fernando da Beverly Hills suke kamar tsibirai a tsakiyar birnin, Santa Monica da Pasadena da Long Beach kuma suka riƙe sunayensu. Teku ma da dabara aka kai gare shi. Tsakiyar birnin na nesa da gaɓa, sai a 1906 aka haɗiye wani siririn zirin ƙasa mai kama da igiyar takalmi har zuwa kudu, a 1909 aka haɗe San Pedro da Wilmington. Tashar jiragen ruwan da ke nan, tare da maƙwabciyarta ta Long Beach, ita ce babbar ƙofar kayan Asiya zuwa Amurka.

Daga 1954 garin Lakewood ya buɗe wata sabuwar hanya: unguwa ta ayyana kanta birni, ta riƙe harajinta da ikon tsara filayenta, amma ta yi hayar ƴan sanda da masu kashe gobara daga gundumar. Gomman birane suka tsiro ta haka. Wasu biranen suna kawai suka tara. Vernon da Industry kowannensu mazaunansa ba su kai 300 ba, masana'antu ne zalla da aka kewaye da iyaka. A gefe guda East Los Angeles, mai mutum sama da dubu ɗari, kusan dukansu masu asalin Meziko da maƙwabtanta, an sha yunƙurin mayar da ita birni bai yiwu ba, har yau ba ta da magajin gari. Iyakokin nan ba tsauni ko kogi ne ya shata su ba. Lissafin wanda zai biya wa wa makaranta ne. Baƙaƙen fatar da suka zo daga kudancin Amurka an daɗe ana hana su sayen gida a wajen ƴan unguwanni kaɗan na kudancin birnin, inda tarzomar Watts ta 1965 da ta 1992 suka tashi. A 2003 majalisar birnin ta sauya wa yankin suna daga South Central zuwa South Los Angeles, don sunan farko ya yi ƙaurin suna. An fi saurin sauya allo a kan sauya abin da ke bayansa.

Furucin sunan birnin kansa ya daɗe yana jawo gardama. A Sifaniyanci harafin g na Angeles sauti ne na maƙogwaro, kusa da kha'un na Larabci. Masu Ingilishi wasu suka furta shi j, wasu g mai ƙarfi kamar na "gari". Jaridar Los Angeles Times ta yi shekaru tana buga furucin Sifaniyanci a shafinta don koya wa masu karatu, hukumar sunayen wurare ta Amurka ta zaɓi na Ingilishi a 1934, a 1952 kuma magajin gari Fletcher Bowron ya tara kwamiti ya tabbatar da mai j. Haka San Pedro ta koma "San Pidro" a bakin mazaunanta, Los Feliz ta koma "Los Filiz". Abin sha'awa ga mai nazarin harshe da al'umma shi ne furucin da ya kauce wa asali shi ne yanzu shaidar zama ɗan gari. Wanda ya faɗi San Pedro daidai da ƙa'idar Sifaniyanci a cikin zancen Ingilishi, a San Pedro za a gane baƙo ne.

Sai dai Sifaniyanci bai bi hanyar Tongva ba, domin yana da inda zai koma ya ɗebo masu magana. Tsarin mulkin Kalifoniya na 1849 ya wajabta buga dokoki da harsunan biyu, na 1879 ya soke wannan. A 1968 dubban ɗaliban sakandare a East Los Angeles suka fice daga azuzuwa, cikin kokensu har da horon da ake yi wa mai magana da Sifaniyanci a makaranta. A 1986 aka kaɗa ƙuri'a Ingilishi ya zama harshen hukuma na jihar, a 1998 aka taƙaita koyarwa da harshe biyu, a 2016 aka janye taƙaitawar. Duk wannan kai da komo bai hana komai ba: yau kusan rabin mutanen gundumar asalinsu Latin Amurka ne, fiye da rabi kuma ba Ingilishi suke yi a gida ba. Ga Armeniyawa a Glendale, ga Sinawa a Monterey Park, ga ƴan Kambodiya a Long Beach, ga unguwar Koriyawa, ga ƴar unguwar Habashawa a titin Fairfax. Sunayen da aka yafa don ado sun sake samun masu jin ma'anarsu.

Tongva kuwa a takarda ya rage. Sunan "Tongva" kansa daga rubutun C. Hart Merriam na farkon ƙarni na 20 aka farfaɗo da shi, kuma wasu daga cikin jikokin ba su yarda da shi ba, sun fi son Kizh ko Gabrieleño. Jihar Kalifoniya ta amince da su a 1994, gwamnatin tarayya har yau ba ta amince ba. Mafi yawan abin da aka sani na nahawun harshen daga bayanan John Peabody Harrington ne, wanda ya zauna da tsofaffin ƙarshe yana rubuta abin da suka tuna. Daga waɗannan takardu ne Pamela Munro ta jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles ta yi aiki da jikokin Tongva suna sake ɗinka harshen, suna koyar da shi, har da shafin Facebook mai fitar da kalmomi. Ita wannan malama ta kuma wallafa ƙamus na wani harshen Zapotek na jihar Oaxaca ta Meziko a 1999, tare da Felipe Lopez, kuma ba sai ta yi doguwar tafiya kafin ta ji harshen ba: masu shi sun yi ƙaura, suna nan cikin gundumar, a unguwannin da ba su da nisa da jami'ar. Harshen da ya zo daga nisan dubban kilomita ana jin sa a ɗakunan girkin gidajen abinci na Santa Monica, na ƙasar da aka gina Santa Monica a kanta kuwa sai an je ma'ajiyar Smithsonian an buɗe akwatunan Harrington.